Jitar bes marar firet bayan hunturu ɗaya da damina ɗaya a Birnin Kebbi

Jitar da nake magana a kanta bes ce, wato mai kaurin murya, mai tsirkiya huɗu (E, A, D da G, daga mai kauri zuwa siririya), ƙirar Indonesiya. Ba Fender ne ya ƙera ta ba, amma an bi tsarin Jazz Bass, jitar da kamfanin ya fara fitarwa a 1960: fikof biyu (na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya), maɓallin ƙarar murya biyu, na laushin murya ɗaya, kuma ba ta cin batir. Tsawon tsirkiya daga not (matashin da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya) zuwa jaki (wanda suke hawa a gangar jiki) inci 34 ne, wato milimita 864. Abin da ya raba ta da sauran shi ne babu firet, ƙarafan nan da ake gicciyawa a wuyan jita, sai fararen layuka da aka shata a gurbinsu. Na kaɗa ta fiye da shekara, a ɗakin ɗaukar sauti da wuraren biki. Ta ci kuɗinta, amma fa ba yadda ta fito daga kwali ba.

Muryarta ce ta fara sayen zuciyata. Duk wanda ya tashi yana jin goge, kukuma ko gurmi ba zai ji ta baƙuwa ba, domin su ma ba su da firet, yatsa ne ke yanke sauti. Idan ka danna tsirkiya a kan katako kai tsaye, sautin yakan fito a hankali sannan ya buɗe, kamar mutum ya ce "mwa". A waƙoƙinmu da muryar mawaƙi ke zamewa daga wannan sauti zuwa wancan, jita mai firet takan bi shi tsalle-tsalle, wannan kuwa tana bin sa sululu. Muryar ta fi fitowa idan aka buɗe fikof na kusa da jaki gaba ɗaya, aka rage na kusa da wuya kaɗan, aka mayar da maɓallin laushi rabi. Mai son kiɗan mari da babban yatsa ya nemi mai firet, domin ƙarfe ne ke ba da wannan ƙarar, a nan kuwa babu shi.

Wahalarta ɗaya ce, daidaita sauti. Yatsa a kan layi ake ɗora shi daidai, ba a bayansa ba kamar yadda aka saba a mai firet. Daga not zuwa layin farko kusan milimita 48 ne, amma daga layi na 12 zuwa na 13 kusan 24 ne kawai. Ke nan kuskuren milimita 5 a farkon wuya kusan kashi ɗaya cikin goma ne na tazarar layi zuwa layi, a tsakiyar wuya kuwa ya zama ɗaya cikin biyar, kuma kowa a wurin zai ji. Layukan taimako ne ga ido, kunne ne alƙali. Atisayen da ya fi amfani shi ne a saki tsirkiyar A tana amo, a riƙa kaɗa sautuka a kan D har a ji sun daina karkarwa da juna. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Sai saiti, wanda a nan ne mafi yawan masu saya ke karaya su ce jitar ba ta da kyau. Tawa ta zo da not ɗin da aka yanka kamar na mai firet, tsirkiyoyi sun yi sama sosai. A marar firet, tazarar tsirkiya da katako a bakin not bai kamata ta wuce kaurin katin gayyata ba, kamar milimita 0.3. Idan ta wuce, yatsa sai ya matsa da ƙarfi, tsirkiya ta miƙe, sautin layin farko da na biyu ya haura. Ana zurfafa ramukan da ƙaramin magagari, goga biyu a gwada, goga biyu a gwada, domin abin da aka cire ba ya dawowa.

Bayan not sai lanƙwasar wuya. A danne tsirkiyar E a layin farko da inda wuya ya haɗu da gangar jiki, a zura fila geji, ma'aunin tazara irin na makanikai, a ƙarƙashinta wajen layi na 8. Milimita 0.2 ita ce ta yi mini daidai. Idan ta fi haka, a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya da alanki, juyi irin na hannun agogo, rubu'in zagaye kawai, a bar ta ta kwana kafin a ƙara. In aka ji ta cije, a tsaya. Sandar nan in ta karye, gyaranta ya kusa kuɗin sabon wuya. Daga nan a sauke jaki har tsayin tsirkiya a layi na 12 ya zama milimita 2 a E, 1.5 a G. Wannan saukowar ita ke haifar da "mwa" ɗin, domin tsirkiya tana ɗan shafar katako tana rawa. In ta sauka fiye da kima sai sautin ya shaƙe. Na ƙarshe shi ne tsawon tsirkiya: a danna layi na 12 da gefen kati mai tauri, ba da yatsa ba, a duba tuna, na'urar auna daidaiton sauti. In sautin ya haura, a ja jakin wannan tsirkiyar baya, in ya gaza, a turo shi gaba.

Wannan saitin ba ya shekara a ƙasarmu. Da hunturu ya kankama a Disamba, katakon allon wuya ya bushe ya tsuke, wuya ya ƙara lanƙwasa gaba, tsirkiyoyi suka tashi har kusan milimita 3. Da ruwa ya zauna a Yuli sai abin ya juya, wuya ya miƙe, layukan farko suka kama zizar da ba a so. Saboda haka gyaran sanda sau biyu a shekara dole ne, ba alamar lalacewa ba ne. Wani abin da hunturu ya fito da shi: layukan roba ne, roba kuwa ba ta tsukewa kamar katako, sai suka ɗan ɗago har farce na jin su. Samfefa mai lamba 600 a naɗe a jikin katako mai lanƙwasa irin ta allon, ana bin tsawon wuya a hankali, ta kwantar da su. Rigakafi ya fi sauƙi: a ajiye jitar cikin akwatinta, tare da soso mai ɗan danshi a cikin robar sabulu da aka huda, kada ruwa ya taɓa katako. Allon kuma a shafa masa ɗigo uku na man da ake sayarwa don allon jita sau biyu a shekara, a goge. Kada a sa man gyaɗa ko man ja, suna yin ɗoyi su kama ƙura. A bazara kuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, barin ta a but ɗin mota zalunci ne.

Tsirkiyoyin da ta zo da su masu kaushin naɗi ne, lambar kaurinsu 45 zuwa 105. Suna da murya mai haske, amma cikin wata uku sun bar sawu a katako, musamman ƙarƙashin A da D. Jaco Pastorius, makaɗin bes ɗan Amurka, wanda ya cire firet daga Jazz Bass ɗinsa ƙirar 1962, irin su yake amfani da su, shi ya sa ya shafe allon da efoksi, gam mai tauri na jiragen ruwa. Wanda ba zai yi wannan aikin ba ya koma masu santsin naɗi. Haske zai ragu, amma allo zai huta, kuma ba sa tara ƙura da gumi a tsakanin naɗi, sukan yi shekaru. Ko da wace iri ce, girgiza sauti a nan gaba da baya ake yi a bin tsawon tsirkiya, irin na mai goge. Jan ta gefe shi ke cin katako.

Inda ta fi ba ni ciwon kai shi ne gurnani. Fikof mai naɗi ɗaya, irin na wannan jitar, yana ɗaukar gurnanin wuta, kuma a wajen biki da janareta da wayoyin da ba su da at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, abin yakan yi muni. Buɗe fikof biyun daidai wa daida yana kashe shi, sai dai muryar da na fi so ta tafi. Liƙa tef na jan ƙarfe a ramin wayoyi, a haɗa shi da at da dalma, ya rage zizar da fitilu ke jawowa, mai gyaran rediyo ma zai iya. Idan kuwa wutar lantarki na jan hannu in an taɓa tsirkiya, a kashe komai nan take, matsalar daga amfilifaya ko wutar wurin take, kuma tana iya kisa.

Mai shirin saya ya duba ɗigogin gefen wuya. A masu layi, galibi suna tsakanin layuka, a marasa layi kuwa suna kan sautin daidai, kuma wanda ya rikita su zai yi ta kaɗa ba daidai ba. Ya ɗora rula ta ƙarfe a allon ya ga ko akwai kwari ko tudu, domin babu firet da zai ɓoye su. Ya kaɗa kowane wuri a tsirkiyar G tsakanin layi na 5 da na 7, inda irin wannan wuyan yakan sami sauti mai saurin mutuwa. A tawa layi na 6 ne, amonsa bai kai rabin na maƙwabtansa ba, don haka nakan ɗauki wannan sautin a tsirkiyar D, layi na 11.