'Yan tsanan anime: Nendoroid Doll, Azone, Pullip ko Dollfie Dream?

Yawancin masu shiga wannan harka tauraron anime (katun ɗin Japan) da suke so ne ke jan su, su sayi duk abin da suka gani da fuskarsa. A ganina girman 'yar tsanar ya kamata a fara zaɓa, tauraro ya biyo baya. Girman ne zai yanke irin kayan da za su shige ta, kuɗin kawo ta daga Japan, da wahalar da za ka sha wajen kula da ita. Kuma a bambance: ba mutum-mutumin roba da aka ƙera da tufafinsa a manne nake nufi ba. Ana maganar 'yar tsana mai gaɓoɓi ce, wadda ake tuɓe mata riga a sa mata wata.

Ƙaramar cikinsu ita ce Nendoroid Doll ta kamfanin Good Smile, mai tsawon santimita 14 ko kusa da haka. Kai ƙato, jiki guntu, gashi na roba mai tauri, amma kayan na yadi ne na gaske. Fuskar ciruwa take yi, sai ka ɗauko ta wani Nendoroid, wato ƙananan mutum-mutumin roba na wannan kamfani, ka maƙala. Ba ta cin wuri, kwalinta ba nauyi, kuma taurarin da ake yayi, irin su Nezuko ta Demon Slayer, ba sa daɗewa ba a fitar da su ba. Illarta, mai son taje gashi ko yin kitso ba abin da zai samu a nan.

Sama da ita akwai Pure Neemo ta kamfanin Azone, wajen santimita 23 zuwa 25. Nan ne nake tura duk wanda ya ce kaya yake son tarawa. Idanun yawanci zane ne, don haka kamanninta da ta cikin katun suna fita sosai, ɗinkin kuma tsaf yake, har ɗan maɓallin rigar makaranta da layin siket. Sai dai kar ka ɗauka kayan Barbie za su zauna mata don tsawonsu ya yi kusa; ƙirar jikin daban ce, sai ka ga riga na lilo a kafaɗa.

Pullip kuwa, wadda ta fito a 2003, ƙirar wani kamfanin Koriya ta Kudu ce, Groove ke kasuwancinta yanzu. Tsawonta kusan santimita 31. A ƙeyarta akwai 'yan maɓallai: ka tura ɗaya idanu su karkata gefe, ka danna wani ta kashe ido. Ta yi haɗin gwiwa da katun ɗin Rozen Maiden, ta yi da na Sailor Moon a 2014. Abin da mai saye zai sani shi ne, fuskar Pullip ba ta canzawa. Ko wa aka ce ta zama, Pullip ce sanye da kayan wannan tauraruwar. Wasu wannan ne ma yake burge su. Ni kam idan kamanni nake nema ba zan fara da ita ba. Ga kan da nauyi, jiki siriri, in ba matokari ba ta tsayuwa.

Babbar yaya ita ce Dollfie Dream ta kamfanin Volks da ke Kyoto: kusan santimita 60, jikin roba mai laushi da ƙwarangwal a ciki, idanu da gashi duk ana canzawa. Kyau kam babu gardama. Amma kuɗin ɗaya zai sayi Nendoroid Doll da yawa, kuma na taurari sau tari sai an yi oda tun kafin a ƙera, ko a shiga ƙuri'a. Wanda ya rasa sai gwanjo, inda farashi ke iya haurawa sama da na sabuwa. Smart Doll ta Danny Choo, wadda ta fara a 2014, tsawonta kusan ɗaya da na Dollfie Dream, amma a duba awo kafin a saya wa ɗaya kayan ɗaya.

Babban ciwon kan manyan nan shi ne rini. Robar tana shan launi. Ka sa mata baƙin wando ko jar riga ka bari kwana biyu, ka tuɓe ka tarar da shati a cinya da hammata, wanda sabulu ba ya fitarwa. Shi ya sa masu su ke fara sa musu farar shimi mai kama jiki, da farar hula ƙarƙashin baƙin gashi. Mai niyyar kai guntun atamfa ko shadda wa tela ya ɗinka mata, kuma abin yana yin kyau, ya fara jiƙa ƙyallen ya goga a farin tsumma. In ya zuba, a haƙura da shi. Rana tana sa robar ta yi rawaya, ƙurar hunturu kuma tana shiga gashi, don haka durowa mai gilashi nesa da taga ta zama dole.

Batun wurin saye a Japan: shagon AmiAmi na sayar da sabo da na hannu, Mandarake da Suruga-ya gidajen gwanjo ne da aka sani, Mercari kuwa, kasuwar intanet ta kayan hannu, galibi sai ta hannun dillalai irin su Buyee ko ZenMarket, su kuma da ladansu. Ka haɗa kuɗin jirgi da na kwastam kafin ka yi murnar araha, domin kwalin Dollfie Dream kaɗai ya isa ya sauya lissafi. Jabu sun fi yawa a ɓangaren Nendoroid: fenti ya malala a gefen ido, gaɓa ta yi sako-sako, hoton kwali ya yi dishi-dishi. In na hannu za ka saya, nemi hoton jikin ba kaya, da na duk tarkacen da ta zo da su, hannayen canji, takalmi da matokari, don samun takalmi ƙafa ɗaya da ya ɓace ya fi samun 'yar tsanar wuya.