Gangar lantarki da jitar bes: cinikinmu a Alaba

Duk wanda ya yi zaman haya a Agege ya san ba a kafa gangunan Turawa na gaske a ɗaki. Bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, ko tari ka yi sai ka ji an ce maka sannu. Ni kuwa na gaji da kiɗan fiyano zalla a waƙoƙin bikin da muke ɗauka, ƙanena kuma ya shekara biyu yana aron jitar bes, wato jita mai kaurin amo, a hannun mutane. Bayan Babbar Sallah muka haɗa ɗan abin da muka tara, muka bi ta Iyana Ipaja da Igando muka sauka Iyana Iba, daga nan sai kasuwar Alaba International da ke Ojo.

Shagon da muka yi ciniki yana saman bene, a layin masu kayan kiɗa. Abin da ya fara saye zuciyata shi ne mai shagon bai ce "kar ka taɓa" ba. Babu wuta, ya sa yaronsa ya tada janareta, ya miƙo mini sanduna, ya bar ni na fi awa guda ina dukan kayansa. Wannan kaɗai ya isa in koma wurinsa.

Saitin gangar lantarki uku ya kafa mana. Na farko marar suna ne, fuskar roba, kuɗinsa ya yi mana daɗi ƙwarai. Minti goma na yi a kansa na ji wuyan hannuna ya fara tsami, kamar mai dukan tayar mota. Ga shi ko ka taɓa a hankali ko ka maka da ƙarfi, amo ɗaya yake ba ka. Ni da na tashi da kalangu a gidan kakana, gangar da ba ta san bambancin raɗa da tsawa ba ai ba ganga ba ce. Na biyu na kamfanin Roland ne, su ne suka fito da fuskar raga a gangunansu na lantarki masu suna V-Drums tun 1997, kuma hannu yana shaida hakan. Da na ji farashi dai sai na ajiye sanduna cikin ladabi.

Na ukun muka ɗauka, Alesis Nitro Mesh. Fuskar gangunan raga ce, ana ɗaure ta ko a sassauta da makulli kamar fatar gaske, sanda tana dawo maka yadda ya kamata, kuma ba ta da ƙara a ɗaki. Gangunan hannu huɗu ne masu faɗin inci 8, farantan kiɗa uku masu inci 10, sai ta ƙafa da fedarta. Inci 8 ba fili ba ne, dole hannu ya koyi saiti, amma cikin mako biyu na saba. Mai shagon ya yi ta nanata cewa ƙwaƙwalwar gangar, wato na'urar da ke fitar da amon, tana ɗauke da saitin kiɗa 40 da amo 385. Gaskiya ne, sai dai wata huɗu ke nan uku kawai nake amfani da su. Abin da ya fi mini amfani shi ne kafar USB: ina jona ta da kwamfuta, in buga da hannuna, daga baya in sauya amon yadda nake so.

Wajen bes ne muka yi musu da ƙanena. Idonsa ya faɗa kan wata mai tsirkiya biyar, ja wur, sai walƙiya take, an manna mata sunan babban kamfani amma kuɗinta bai kai rabin na gaskiyar ba. Ya ce, "Yaya, don Allah dubi kyanta." Na ce ya ɗaga ta ya hango wuyan daga ƙasa, kamar mai duba katako. Wuyan ya karkace. A laimar Legas, abin da ya fito shago a karkace sai dai ya ƙara. Muka koma kan Yamaha TRBX174 ta hannu, mai tsirkiya huɗu. Fentin ya ɗan goge ta baya, amma wuyan a miƙe yake sak, mun bi kowane gurbin danna tsirkiya ɗaya bayan ɗaya babu mai zuza, kuma ba ta cin batir. Tsirkiyoyin sun yi tsatsa, da wannan muka kafa hujja har aka yi mana ragi.

Amfilifaya kuwa, wato na'urar ƙara sautin jitar, Fender Rumble 25 muka saya, wat 25, lasifika inci 8. Ta ɗaki ce da atisaye, ba ta filin biki ba. Kafin ita an nuna mana wata tokumbo mai rahusa, har na fara tayawa, sai na juya bayanta na ga an rubuta bolt 120, wato ta wutar Amurka. Tamu 230 ce. Da mun kai ta gida mun jona kai tsaye, hayaƙi za mu sha. Yaron shagon bai ce uffan a kai ba, wannan kuwa bai yi mini daɗi ba. Kar kuma wani ya ce zai lallaɓa da amfilifayar ƙaramar jita, nauyin amon bes yana iya yaga lasifikarta.

Inda lissafinmu ya kwana shi ne tarkace. Kujerar makaɗi daban ake saye, haka abin sawa a kunne, haka sitabilaiza, wadda ba na yarda a kunna komai babu ita. Wayar da aka ba mu gyara kwana tara ta yi ta fara ƙuruƙuru. Rasit mai lambar kaya ma sai da na dage aka rubuta. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinmu nan ya tafi, dalilin da ya sa muka dawo gida a danfo da kwalaye a cinya maimakon ɗaukar shata.

Daren farko matar da ke ƙasanmu ta hawo ta ce wa ke daka sakwara da ƙarfe goma sha ɗaya. Raga ba ta ƙara, amma dukan feda yana bin daɓe ya sauka ƙasa. Na shimfiɗa tabarmar roba biyu, na ɗora tsohon kafet a kai. Tun ranar ba ta sake hawowa ba, sai ɗanta da yake zuwa duk Asabar a koya masa.