Littattafan labari masu hoto ko jerin littattafan darasi: wanne za ki saya wa yara?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tsakanin jerin littattafan darasin nan masu bango mai sheƙi da ake tallata miki, da ƙananan littattafan labari masu hoto da kika ce yarinyarki ta maƙale musu, ki sayi na labarin. Duka biyun suna gidana, ba ji na yi a bakin wani ba.

Na labarin da muke da su jeri ne, labarin wata yarinya mai rawar kai wadda kullum sai ta jawo wa kanta magana. Babbar 'yata tana da shekara tara lokacin da na kawo na farko, kuma ita a lokacin karatu sai an yi da gaske, in ka miƙa mata littafi sai ka ce magani ka ba ta. Na ajiye shi kawai ban ce komai ba. Bayan an kashe fitila sai na ji ƙyalƙyala daga ɗakinsu, na leƙa, ga ta cikin bargo da tocila, ƙaninta ya kwanto a kafaɗarta yana cewa ta koma shafin baya. Shi bai iya karatu ba tukuna, hotunan yake karantawa. Shi ne ma ya gano cewa a kowane shafi akwai wani ɗan ƙadangare da mai zanen ya ɓoye, wani lokaci bayan ƙofa, wani lokaci cikin takalmi. Ni da na karanta musu littafin sau ba adadi ban taɓa lura da shi ba. Yanzu bangon ya yage, na liƙe shi da salatif, shafi ɗaya ma har tabon yatsa ya dauwama a jikinsa, amma ko baƙo ya zo da yaro, shi suke fara ɗauko masa.

Na tambaye su abin da ya sa suke son sa, don ni na ɗauka hotunan ne kawai. Yarinyar ta ce ita abin da ya burge ta shi ne yarinyar cikin labarin takan yi laifi, ta ji tsoro, ta nemi dabarar ɓoyewa, dabarar ta watse. Ta ce, "Mama, irina ce." Ƙanin kuma hukuncinsa gajere ne, littafi ko dai akwai dariya a ciki ko babu. Abu na uku da suka haɗu a kai shi ne ƙarshen babi. In babi ya ƙare ana tsakiyar rikici, dole a buɗe na gaba, in littafin ya ƙare kuma tambayar farko ita ce ina na biyun. Wannan shi ne amfanin jeri: yaro ya riga ya san mutanen ciki, ba sai ya sake sabawa da kowa ba, sai ya shiga kai tsaye.

Kada ki ɗauka 'ya'yana ne kawai. Kamfanin buga littattafai na Scholastic a Amurka ya daɗe yana tambayar yara 'yan shekara 6 zuwa 17 ra'ayinsu kan karatu, kuma amsa biyu ce take ta maimaituwa. Kusan tara cikin goma suna cewa littafin da suka fi so shi ne wanda suka zaɓa da kansu, sannan abin da suka fi nema a littafi shi ne ya sa su dariya. A Birtaniya kuma, ƙungiyar National Literacy Trust ta gano a 2024 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na yara 'yan shekara 8 zuwa 18 suke cewa suna jin daɗin karatu a lokacin hutunsu, wanda a lokacin shi ne mafi ƙaranci tun da suka fara wannan tambaya a 2005. Ƙasar da littafi ya wadata ke nan. To kin ga samun littafi daban, son buɗe shi daban, kuma yarinyarki ta riga ta nuna miki wanda take so. Wannan ba abin da za a yi wasa da shi ba ne.

Jerin darasin kuwa, suna nan saman durowa, tsaf da su kamar jiya aka kawo. Takardar mai kyau ce, ba zan ci haƙƙinsu ba, kuma in an ba da aikin gida kan taurari ko sassan jiki akan sauko da ɗaya. Na tarbiyyar cikinsu ne yarinyar ta yanke wa hukunci da cewa yaron ciki bai taɓa yin laifi ba, don haka ba yaron gaske ba ne.

Na san abin da ke ranki, kina tsoron kada a tashi da dariya kawai babu abin da aka koya. Ki tuna Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Akun nan da labari yake riƙe ɗan sarki ya hana shi fita, dare bayan dare, kuma darussa cike suke da littafin, amma ba wanda ya karanta shi yana yaro don neman darasi. Labarin muke bi, darasin ya biyo mu. Littafin da ya sa wa'azi a gaba ya bar labari a baya, yaro kan gane shi tun shafi na biyu.

In kin je saye, ki tafi da ita. Ki ware guda uku ko huɗu da kika yarda da abin da ke cikinsu, ki bar ta ta zaɓa a ciki. Akwai gwajin da malamai ke yi mai sauƙi: ta buɗe shafi ɗaya a tsakiya ta karanta, duk kalmar da ta gagare ta ta ɗaga yatsa. In yatsu biyar sun tashi kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi mata nauyi ta karanta ita kaɗai, sai dai ki karanta mata. In ba ko ɗaya, ya yi sauƙi, amma kada ki hana ta don wannan, sauƙin ne ke sa yaro ya saba da gudu a karatu. Kuma ki fara da na ɗaya da na biyu kawai, in ta nemi na uku da bakinta sai ki ƙaro.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, don harkar littattafan yara ta cika da algus. Duk wanda ya ce ba za a buɗe ledar ba sai kin biya, ki bar masa kayansa. A cikin irin wannan leda ake samun na jabu: hoto ya dusashe, rubutu ya karkace, shafi ya maimaitu wani kuma ya ɓace, gam ɗin bayan ya saki cikin mako. Littafin hoto na ƙananan yara yawanci shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe takarda wajen bugawa, ba zai ɗauke ki minti biyu ki bi lambobin shafin ɗaya bayan ɗaya ba. Ki duba sunan marubuci da na mai zane da na kamfanin da ya buga. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayan bango, tun 2007 lambobi 13 ce, tana farawa da 978 ko 979, sai dai masu jabu ma suna kwafe ta, don haka rashinta ne ke tona asiri, samunta ba shaida ba ce.

Sai sabon salo da ya shigo ta intanet, littattafan da kwamfuta ta rubuta ta kuma zana. Bangon kan yi kyau har ya ruɗe ki, amma a ciki fuskar yaron labarin tana canzawa daga shafi zuwa shafi, hannu da yatsa shida, labarin kuma ba kai ba gindi. In ta waya za ki saya, ki ce a turo miki hoton shafukan ciki, ba bango kaɗai ba. Mai cewa littafi ɗaya ya dace da ɗan shekara 3 har ɗan shekara 12, ko mai matsa miki cewa jerin ba ya rabuwa kuma yau ne kaɗai ragin, so yake ya sauke kaya a kanki. Ki ce masa za ki yi shawara, ki wuce wajen na labarin.