Kognitif ko kilinikal, wanne ya fi?

Ƙanina ne ya tare ni da tambaya wajen mai shayi a Kawo, wai Yaya tsakanin saikoloji (ilimin halayyar ɗan Adam) na kognitif da na kilinikal wanne zan bi? Na ce masa kognitif fa ba duba mara lafiya ba ne, nazari ne kan yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu, ke mantuwa, ke maida hankali. Nan za ka haɗu da George Miller, masanin saikoloji da ya ce a 1956 abu wajen 7 mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda, shi ya sa lambar waya muke yanka ta gida-gida, ga kuma gwajin Stroop na 1935, a rubuta "ja" da koren alƙalami a ce faɗi launin, wallahi sai harshenka ya sarƙe. Amma lissafi da kwamfuta sun yi yawa, in kana gudunsu ka shirya.

Kilinikal kuma mutane ne a gabanka, ciwon damuwa, shaye-shaye, irin aikin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. A ganina aiki ya fi kusa ta nan, sai dai digiri na biyu dole ne. Ni kam kognitif ya fi burge ni, shi ko ya ce bari ya ji ta bakin Umma tukuna.