But na bosho ko sabon kambas don hawan Bagazam

Ƙanena, tsakanin takalmin but na bosho, wato na hannu, da sabon kambas da ka ce kana wasi-wasi, ɗauki but ɗin kawai.

Nawa a kasuwar Dole ta Damagaram na tsince shi cikin tari, na fata, mai rufe idon sawu, ƙasansa da manyan haƙora. Jikka tara na biya, ina ta ƙunƙuni. Da shi na hau dutsen Bagazam na yankin Agadas da sanyin Janairu, ta wajen Tabelot, har kan Idukal-n-Tages, mita 2022, inda babu wurin da ya fi shi tsawo a Nijar. Hanyar ba ta neman igiya ko wata gwaninta, jakuna ma ita suke bi da kaya, amma fa duwatsu ne masu zamewa. A gangarowa wani dutse ya mirgine a ƙarƙashina, ƙafa ta karkace, na ce shi ke nan targaɗe. Wuyan takalmin ne ya riƙe ni. Na zauna na huce, jagoranmu Buzu yana ta dariya cikin rawaninsa, ya miƙo mini shayi. Har yau but ɗin yana nan a ƙarƙashin gado, igiya kaɗai na canja masa.

Kambas ɗin kuwa, ba shi da nauyi, ya yi kyau a hoto. Na taɓa saye, kwana biyu kan dutse ya buɗe baki kamar kada. Na zuwa biki ne.

Ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda kake sawa, saboda safa mai kauri, kuma ƙafa tana kumbura da tafiya. In ya matse, farcen babban yatsa ne zai biya kuɗin a gangara. Kafin ka kama hanyar Tanut zuwa Agadas, yi sati biyu kana hawan duwatsun unguwar Birni da shi bayan La'asar, bororon da zai fito ya fito a gida.

Sai ka yi hattara da wasu 'yan bosho. Takalmin da ya daɗe a ajiye ƙasansa ruɓewa yake ta ciki, su shafa gam da baƙin mai ya yi ƙyalli. Lanƙwasa shi da ƙarfi a gaban mai shi, ka danna da farce. In ya yi gari ko ya tsage, ajiye masa abinsa. Wanda ya hana ka lanƙwasawa, ko ya ce sai da magariba za ka zo, wuce gaba.