Kayan karawar sanda na WEKAF: kwalkwalin ya ci kuɗinsa, rigar kuwa sai da lura

Faɗan sanda na ƙasar Filifin yana da sunaye uku, Arnis, Eskrima da Kali, kuma tun 2009 doka ta mayar da Arnis wasan ƙasa a can. Duk wanda ya wuce matakin kaɗa sanda a iska, yana son ya tsaya gaban abokin karawa a buga da gaske, to zai ci karo da kayan da ake kira na WEKAF, wato ƙungiyar duniya ta wannan wasa da aka kafa a birnin Cebu a 1989 ƙarƙashin Dionisio Cañete na gidan Doce Pares. Masu ɗinka kayan suna da yawa, amma zubin kusan ɗaya ne: kwalkwali mai ragar ƙarfe a fuska, doguwar riga mai kauri, safar hannu, abin ɗaurawa a damtse da gwiwar hannu, sai sandunan ratan, wata irin kurangar dabino.

Kafin a yanke wa kayan hukunci sai a san don me aka yi su. A gasar WEKAF zagaye uku ake yi, kowanne minti ɗaya, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani, alƙalai kuma suna ba da maki irin na damben boksin, wanda ya ci zagaye ya samu 10. Da sandar gaske ake bugu, da cikakken ƙarfi. Amma an hana suka da tsinin sanda, an hana dukan ƙeya. Waɗannan hani guda biyu su ne suka nuna inda kayan suke da rauni, domin wanda ya zana su bai yi tanadin abin da doka ta riga ta hana ba.

Kwalkwalin shi ne abin da ya fi komai kyau a cikin saitin. Ragar fuskar sandunan ƙarfe ne da aka yi wa walda, ba ta lotsawa ko da an sauke mata bugu mai nauyi, ana gani sosai ta cikinta, iska kuma tana shiga. Saman kai da gefen kunnuwa akwai soso mai kauri, sannan ga wani leɓe da ya sauko ya rufe maƙogwaro da gefen wuya. Wurin saye, a auna kai da tef ɗin tela, a zagaya ta saman gira. In an sa shi, a ɗaure, a girgiza kai hagu da dama da ƙarfi. In kwalkwalin ya juya shi kaɗai ya bar fuska a baya, ya yi yawa. Sannan a sa tafin hannu a danna ragar zuwa ciki. Kada ta taɓa hanci ko haɓa. In ta taɓa da dannawar hannu kawai, ranar da sanda ta sauka a kanta ƙarfen ne zai fasa karan hancin.

Wuraren da yake lalacewa sanannu ne. Fenti yana ɓarewa inda sanda ta fi sauka, gumi ya shiga, tsatsa ta kama mahaɗar walda. A riƙa bin kowace mahaɗa da babban yatsa kafin karawa; in ƙarfe ɗaya ya motsa, a ajiye kwalkwalin sai an gyara. Soson ciki yana mutuwa da daɗewa, ya kwanta, sai ka ga kwalkwalin da ya yi daidai bara yana rawa bana. Ƙeyar kuma ba ta da kaurin gaba, don haka sabon ɗalibin da ya saba juya baya in bugu ya yi masa yawa, a tsayar da shi nan take a gyara masa. Abu mafi muhimmanci: tazarar da ke tsakanin ƙarafan za ta iya barin siririyar sanda, ko wadda bakinta ya tarwatse, ta kutsa har ido. Wanda salon gidansu yake da suka da yawa, wannan kwalkwali ba nasa ba ne.

Shi sai ya nemi abin rufe fuska na wasan takobi, mai ƙananan ramuka, irin wanda 'yan Dog Brothers, wata ƙungiyar masu karawar sanda ta Kalifoniya, suke karawa da shi, da safar hannu mara kauri, ba riga. Ana rubuta 350N ko 1600N a jikinsa, mutane da yawa kuma suna ɗauka ƙarfin ragar ake nufi. A'a, ƙarfin ƙyallen da ya rufe maƙogwaro ne, yadda yake jure huda. Wannan abin rufe fuskar yana tare suka, amma soson kansa kaɗan ne, ragar tana lotsawa da bugun ratan, ƙeya kuma a buɗe take sai an sayi murfinta daban. Kuma duka biyun, babu wanda yake hana ƙwaƙwalwa girgiza. Suna hana fashewar fata da karyewar ƙashin fuska, amma in kai ya fizgu da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta motsa a ciki. Wanda ya ji jiri, ko ganinsa ya rabu biyu, ko amai ya taso masa bayan bugu, ya gama na ranar, ya je likita ya duba shi.

Safar hannun da ke zuwa da yawancin saitin ita ce ta fi ba da haushi. A wannan wasa hannu ne abin hari na farko; ana koya wa ɗalibi tun farko ya bugi hannun da ke riƙe da makami kafin ya nemi kai. Amma sai ka tarar soson ya taru a bayan hannu, babban yatsa da kan 'yan yatsu kuwa ƙyalle ne kawai, alhali nan ne farce yake fita, nan ne ƙashi yake tsagewa. Gwajin mai sauƙi ne: a sa safar, a riƙe sanda, a duba ko babban yatsa ya leƙo daga ƙarƙashin soson. Sannan a lanƙwasa wuyan hannu a ga ko an samu fili tsakanin safar da abin damtse, domin ƙashin nan da ya ɗan fito a gefen wuyan hannu ba ya son ratan ko kaɗan. Da yawa daga masu karawa suna komawa safar wasan hoki ko ta wasan lakuros, kuma sun yi daidai. Sai dai ita ma in ta cika kauri tana kashe riƙo, sanda ta riƙa suɓucewa, bugun nan na wuyan hannu da ake kira witik da abaniko su rasa kaifinsu. A zaɓi wadda tafinta siririyar fata ce, bayanta da babban yatsanta masu tauri.

Rigar tana tuna wa mutum lifidin mahayan dawakin sarakuna: ƙyalle mai ƙarfi da aka cusa wa abu mai taushi aka ɗinke layi-layi, daga kafaɗa har cinya, ana ɗaure ta ta baya. Wajen kariya ba ta da laifi. Bugun da zai bar shata a haƙarƙari mako guda, a cikinta sai dai ka ji ƙara. To a nan matsalar take. Mutum biyu da suka san ba za su ji zafi ba sai su daina karewa, su matso kusa, su tsaya ƙafa a kafe suna zuba wa juna sanda kamar masu sussukar gero, kowa yana neman ya fi yawan bugu. Tazarar nesa da ake kira largo mano ta ɓace, aikin ƙafa ya ɓace, tarewa ta ɓace. Ita kanta ƙungiyar ta ga haka, shi ya sa aka shigo da dokar daƙiƙa huɗu don a hana ruwan bugu ba kariya, alƙalai kuma suka daina ƙirga bugu iri ɗaya in an maimaita shi fiye da sau biyu a jere. Masu kendo, wasan takobin gora na Japan, ma suna sa sulke mai kauri, amma su bugu ɗaya mai tsabta ake ƙirgawa a tsayar da wasa, don haka sulken bai lalata musu tsaro haka ba.

Maganin yana hannun malami. A kowane zama, a raba zagaye: biyu da riga da ratan don a saba da gudu da numfashi, biyu ba riga da sanda mai soso don jiki ya tuna cewa bugu yana da zafi. A wasu zagayen a sa sharaɗi, duk bugu mai tsabta a kai ko a hannun makami a tsaya, a koma tazara, a sake farawa. Wanda yake horo don gasar WEKAF dole ya mallaki rigar. Wanda yake koyo don ya iya kare kansa, ita ce ta ƙarshe da zai saya, bayan kwalkwali, safa, robar haƙori da kofin kare gaba, waɗanda biyun ƙarshen ma ba sa zuwa cikin yawancin saiti. Ga kuma zafi: rigar ba ta numfashi, a watan Afrilu zagaye uku sun isa su jiƙa ta sharkaf. A kwance ta tsakanin zagaye, a sha ruwa, in an gama a juya cikinta waje a shanya a inuwa mai iska. Rana mai ƙarfi tana busar da soson ya riƙa marmashewa, barinta a jaka kuma yana kawo fumfuna da ƙuraje.

Sandunan da ke zuwa da saitin yawanci inci 28 ne, kusan santimita 70, marasa nauyi. Ratan ba katako ba ne, wata irin kurangar dabino ce mai jijiyoyi a tsaye, shi ya sa in ta gaji sai ta tarwatse kamar tsintsiya maimakon ta karye da tsini. A zaɓi mai ɓawonta, mai gaɓoɓi kusa da juna, ta fi daɗewa. In baki ya fara sakin zare a naɗe shi da tef. In an matsa tsakiyar an ji ta yi laushi, ta tashi daga aikin karawa. Kada a maye gurbinta da gora, domin gora tana tsagewa ta bar baki kamar reza. Sandunan itatuwan kamagong da bahi kuwa, masu nauyin nan da ake sayarwa tare da na ratan a shaguna ɗaya, na motsa hannu ne kai kaɗai. Ba kwalkwali ko safar da aka yi don ta tare su.