Wata Uku Ina Sauraren Kundin Visions na Stratovarius

Ranar farko da na ji "Black Diamond", ɗaya daga cikin waƙoƙin kundin Visions, a sifikar waya na ji ta, a shagon wani abokina mai gyaran kwamfuta, janareta na ta ruri a bakin ƙofa. Na ce masa, "Malam, wannan ai ruwan sama ne a kan kwano." Bai yi musu da ni ba. Ya ce in tafi gida, in bari dare ya raba, in sa iyafis mai kyau, sannan mu yi magana. Da na yi yadda ya ce, sai na tarar ashe waƙar da wani siririn sauti take farawa, shi kaɗai, kamar ana tsinkar waya da farce. Kwaikwayo ne na wani tsohon kayan kiɗan Turai, kakan piyano, irin wanda ake kaɗawa a zamanin su Bach, shahararren makaɗin nan na Jamus. Sai da wannan sautin ya gama shimfiɗa karin waƙar, kunne ya riƙe shi, sannan jita da ganguna suka afko a kansa gaba ɗaya. A shago hayaniyar kawai na ji. A ɗaki kuwa na ji abin da hayaniyar take ɗauke da shi.

Yau wata uku ke nan ina tare da kundin, safe da yamma, a mota da kan tabarma, don haka ina ganin na isa in faɗi inda ya burge ni da inda ya gaza.

Sunansa Visions, na ƙungiyar Stratovarius ta birnin Helsinki a ƙasar Finlan, ya fito a 1997, kuma shi ne kundinsu na shida. Waƙoƙi goma ne, kimanin awa ɗaya. Salon shi ne wanda ake kira power metal, wato kiɗa mai gudu da murya mai tashi sama da amshi mai kama baki, sai kuma aka zuba masa kari irin na tsofaffin makaɗan Turai, su Bach da Vivaldi da Paganini. Mutumin da ya fi shahara da wannan gauraye a kan jitar lantarki shi ne Yngwie Malmsteen ɗan ƙasar Suwidin, tun kundinsa na 1984. Wannan ba labarin gefe ba ne, domin Jens Johansson, mai kaɗa kibod a Visions, a hannun Malmsteen ya yi shekaru yana aiki kafin ya shigo Stratovarius. Da gadonsa ya zo.

Kuma a nan ƙarfin kundin yake. Timo Tolkki, mai jita, wanda shi ya tsara akasarin kiɗan kuma ya jagoranci naɗar sa, ya samu abokin karawa daidai da shi. A tsakiyar kusan kowace waƙa mai gudu akwai wurin da muryar mawaƙi ke ja da baya, a bar su biyun. Tolkki ya jefa jimla, Johansson ya cafe ya mayar masa da ita da ƙari, wani lokaci kuma su tafi tare a kan layi ɗaya har ka kasa rabe jita da kibod. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗan kalangu biyu suna yi wa juna magana da fata zai gane abin da nake nufi nan take. Ba gudun yatsu ne ya kama ni ba, ko da yake gudun akwai shi har ya yi yawa. Abin da ya kama ni shi ne kowace jimla tana da inda ta dosa. Bayan sati biyu na tsinci kaina ina bin wasu daga cikinsu da fito, alhali ban taɓa riƙe jita ba.

Akwai kuma wani abu da ban zata ba. Jerin sautin da suke yawan hawa da sauka a kai yana da wani tsalle a kusa da ƙarshensa wanda ke ba shi ƙamshin kiɗan Larabawa. Kunnen da ya saba da waƙoƙin Masar ba zai ji shi baƙo ƙwarai ba. Ina jin wannan ne ya sa "Holy Light", wadda babu murya a cikinta ko kaɗan, ta shige ni da wuri. Tana tashi da gudu, ta lafa a tsakiya har ka ji kamar an buɗe taga, sannan ta sake ɗauka. Da a ce mutum waƙa ɗaya kawai zai saurara don ya san abin da ake nufi da wannan salo, ita zan ba shi.

"The Kiss of Judas" daban take. Ba ta gudu, takawa take yi da nauyi, ga muryoyin 'yan amshi a baya kamar a babban zaure. Ita ce ta nuna mini cewa ƙungiyar ta iya riƙe mai sauraro ba tare da ta kore shi a guje ba, kuma na so a ce sun yi irinta biyu ko uku. "Paradise" kuwa gajeriya ce, amshinta na manne wa a ka tun ji na farko, tana kuka a kan yadda ɗan Adam ke lalata ƙasar da yake zaune a kai.

Muryar Timo Kotipelto tas take, babu ƙura, kuma yana furta kalmomi yadda mai ɗan Turanci zai iya bin sa. Kafin zuwansa Tolkki ne ke yin waƙar da kansa, kuma ba shakka ɗauko Kotipelto ya ɗaga ƙungiyar. Amma daga nan ƙorafina ya fara. An rubuta masa wurare da dama a can ƙololuwar muryarsa, inda take sirancewa ta rasa jiki. A "Forever Free" da "Legions" akwai gaɓoɓin da nake jin maƙogwarona na ɗaurewa don tausayinsa. Idan ya sauko tsakiya, muryar tana da zaƙi da ɗumi, sai dai ba a cika barin sa ya zauna a nan ba.

Sai ganguna. Jörg Michael Bajamushe ne, ƙwararre, ba ya kuskure ko na ƙiftawar ido. Matsalar ita ce a waƙoƙi masu gudu ƙafafunsa biyu suna bugun manyan ganguna a jere ba tsayawa, tun daga farko har ƙarshe, kamar keken ɗinki a hannun tela ana gobe Sallah. Minti biyu na farko abin yana sa jini tafasa. Zuwa minti na biyar, a waƙa ta uku mai irin wannan bugu, kunne ya daina jin sa. Mu da muka tashi cikin kiɗan da ganga ke magana, tana tambaya tana ba da amsa, tana yin shiru don shirun ma ya yi aiki, wannan rashi ne babba. Na sha tsayar da kundin bayan "Legions" don kawai kaina ya huta. Shi kuwa Jari Kainulainen, mai jitar bes, sai ka kasa kunne da gangan kafin ka same shi a ƙarƙashin tarin sautin. An naɗi kundin a situdiyon Finnvox da ke Helsinki, aikin ya fita fes, amma tsabtar ta kai inda wani lokaci nake marmarin jin gumin mutane a ciki.

Waƙoƙin sanyi guda biyu ne, "Before the Winter" da "Coming Home". Ta farkon tana da nauyin zuciya na gaske, irin na mutanen da suka san doguwar hunturu da gajeriyar rana, kuma a cikinta ne muryar Kotipelto ta fi yi mini daɗi. Ta biyun ba ta ƙara komai ba, yanzu tsallake ta nake yi.

Baitocin su ne mafi rauni a kundin duka. 'Yanci, haske, mafarki, tashi sama, kalmomi ne manya da ake ta juyawa ba tare da an kawo hoto ɗaya da zai tsaya a rai ba. Wanda ya saba da waƙar da baiti ɗaya ke ɗauke da habaici da tarihi da hikima zai ji kamar an ba shi kwano mai ado babu tuwo. Ina yi musu uzuri cewa ba da harshensu suke rubutu ba, amma uzuri ba ya cika kwanon.

Waƙar ƙarshe, "Visions (Southern Cross)", ta haura minti goma, an gina ta a kan hasashen Nostradamus, Bafaranshen nan na ƙarni na 16, har da wata murya da ke karanto maganganunsa a tsakiya. Ni dai gaibu na bar wa Allah, kuma karatun nan bai taɓa motsa ni ba, yana ma katse tafiyar kiɗan a daidai lokacin da ta fara ɗaukata. Amma ginin waƙar kansa abin yabo ne. Tana gudu, ta tsaya, ta koma sanyi, ta sake hawa a hankali, kuma a nan ne kaɗai na ji mai ganga ya samu filin canza taku yadda ya kamata. Da an cire mai karatun an bar kiɗan ya yi maganarsa, da ita ce gwarzuwar kundin.

Wanda bai taɓa jin irin wannan kiɗa ba, kada ya fara da sifikar waya, kada kuma ya ce sai ya cinye awa ɗayan a zama guda. Ya fara da "Black Diamond", ya bi da "The Kiss of Judas", sannan "Holy Light", ya ajiye sauran zuwa gobe. Cikin goman, shida sun zauna daram a wayata, biyu ina jin su in hali ya yi, biyu kuma na sallame su. Na koma shagon abokin nan nawa na gaya masa haka, ya ce ban yi wa "Coming Home" adalci ba, in sake saurarenta da asuba. Na sake, kuma ina nan a kan bakana.